Katrel ko Yaris: wacce za ta iya da hanyoyinmu?

Autan Baba, Garwa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawarar manya nake nema. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar Renault 4, wato Katrel, samfurin GTL. Da aka raba gado ta faɗo a kasona, tana nan tsakar gida an lulluɓe ta da tamfol. Ina da ɗan abin da na tara, sefa miliyan 3 da 'yan kai. Zuciyata ta rabu biyu: ko in kashe wani abu in tada ita in riƙe sauran a matsayin jari, ko in haɗa duka in sayo Yaris 'yar Beljiyam daga Duwala. Zirga-zirgata cikin gari ce, kai yara makaranta da zuwa shago, sai ƙarshen wata in je Gidar gaida Inna.

Tsohon Direba, Ngaundere: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Ɗana, kada ka kuskura ka rabu da motar nan. Da tsohuwar zuma ake magani. Mu da muka tuƙa Katrel lokacin da kwalta ta fi yanzu ƙaranci mun san abin da take iyawa. Ka ɗora mata buhun masara biyu da mutum huɗu, ta gangara dutsen Mbe a giya ta biyu, ta kai ka Garwa ba ta yi tari ba. In ta tsaya a daji, sukudireba da filaya da ɗan guntun waya sun ishe ka. Ka goge kwantak, ka hura kafireta, ka tashi. Waɗannan na yanzu kuwa fitila ɗaya ta kama a gaban sitiyari, sai ka ga ƙaton mutum ya tsaya yana kiran waya.

Hajiya Mai Atamfa, Marwa: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ka manta da watan Afirilu. A Garwa fa yake, inda zafi ke haura 40. Katrel ba ta da na'urar sanyaya ciki, tagarta ma ba sauka take yi ba, turawa ake yi gefe rabi ya buɗe. Ya ɗauko yara daga makaranta da ƙarfe ɗaya na rana a cikin wannan? Ni Yaris nake ja, kuma wallahi ranar da sanyinta ya tsaya gara in hau babur.

Tsohon Direba: Hajiya, mu da muka girma ba sanyin mota, narkewa muka yi?

Hajiya Mai Atamfa: Ba ku narke ba Baba, amma ku ne yau ba ku shiga motar haya sai kun tambaya ko tana da sanyi.

Injiniya, Njamena: Bari in ɗan saka lissafi a maganar. Renault ta fara Katrel a 1961, aka daina yin ta a farkon shekarun 1990, an ƙera sama da miliyan 8. GTL ɗin da kake da ita ta fito ne daga 1978, injinta cc 1108, ƙarfinta doki 34, giya huɗu, nauyinta wajen kilo 700. Yaris da ta fi yawa a kasuwar Duwala ita ce ta 2005 zuwa 2011. Mai injin 1.3 tana da doki 87, nauyinta ya ɗan haura tan ɗaya. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne shan mai: dukkansu biyu suna wajen lita 6 ne a kilomita 100 in suna da lafiya. Wato Yaris tana ba ka fiye da ninki biyu na ƙarfi, ga sanyi, ga birki mai kyau, da man da Katrel za ta sha. Kuma wannan lita 6 ɗin ta Katrel sai in kafiretarta a saite take. Wadda ta daɗe a ajiye za ta zarce haka nesa.

Da can ba wanda ya damu da wannan lissafin, don zuwa-zuwa, wato man fasa-ƙwauri daga Najeriya, ta fi ruwan gora araha. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan zamanin ya wuce. A gidan mai kuma, ku a Kamaru lita ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a 2023, sannan 840 a Fabrairun 2024. Mu nan Cadi ma, duk da matatar Jarmaya tana bayan gari, a wannan watan aka kai ta 730.

Ɗan Kusseri: Injiniya, lissafinka na kan kwalta ne. Zo ka bi Mora zuwa Dabanga da damina sannan mu yi maganar doki. Yaris cikinta a ƙasa yake, an yi ta ne don titunan Turai. Rami ɗaya mai kyau ka ji ƙwal, kaskon baƙin mai ya fashe ko salansa ta rabu biyu. Katrel kuwa doguwar ƙafa gare ta, ga laushi, tana shiga rami tana fita tana rangaji. Ba a banza jandarmomin Faransa da ma'aikatan gidan waya suka yi ta amfani da ita a ƙauyukansu ba. A tseren Faris zuwa Dakar na 1980, wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Claude da Bernard Marreau, da Katrel suka zo na uku.

Injiniya: Gaskiya ne, amma waccan an mayar da ita mai jan ƙafa huɗu kuma an canza mata abubuwa da yawa. Ba irin ta tsakar gidan Auta ba ce. Kuma shi Gidar ya ce yana zuwa, ba Dabanga ba.

Kawu Makanike, Marwa: Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, don abin ya taɓa ni. A kan Katrel da Fijo 404 aka koya mini aiki, ina yaro ina miƙa wa maigidana sifana. Har yau in na ji ƙarar injinta daga nesa na san ita ce. To amma Auta, amana ka ba mu, bari in gaya maka abin da na sani.

Duk abin da Alhaji Direba ya faɗa haka yake. Mota ce da aka yi ta da hikima. Sandar giyarta daga cikin dashbod take fitowa, ta bi ta saman inji ta sauka kan giyabos da ke can gaba, shi ya sa ƙasan motar yake shimfiɗe ba tudu, ka cire kujerar baya ka loda abin da kake so. Ba ta da sifirin irin na sauran motoci, sandunan ƙarfe ne masu murɗawa suke ɗauke da ita. Na baya an jera su ɗaya gaban ɗaya, don haka in ka auna tsakanin tayar gaba da ta baya, gefe ɗaya ya fi ɗayan tsawo da kusan santimita 5. Mutane da yawa sun kawo mini ita a da suna cewa an taɓa buge ta, in ce musu a'a, haka aka haife ta.

Sai dai sauƙin gyaran da ake yabonta da shi, ba a jikin motar kaɗai yake ba. Rabinsa a hannun makanikai yake, rabi a kan kantar masu sayar da kayan gyara. A wancan lokacin kowane gari daga Ngaundere zuwa Kusseri akwai wanda ya san saita kafireta da kunne, akwai shagon da za ka shiga ka ce a ba ka kwantak da kwandansa da murfin dilko a miƙo maka. Yau ka zagaya kasuwar Marwa ka nemi robar kan shaf ɗin Katrel, ko famfon ruwanta, ko silindar birki. Yaron shagon ma bai taɓa jin sunan ba. Yarana na gareji su shida, ba ɗaya da zai iya saita tazarar kwantak sai na tsaya a kansa, kuma ban ga laifinsu ba, don ba a kawo musu irin aikin. Wannan sauƙin da Katrel take da shi a da, yanzu Toyota ce ta gaje shi. Yaris ta lalace maka a Figil, kafin la'asar an samo maka kayan, sabo ko na Beljiyam, an ɗaura.

Tsohon Direba: Kawu, ashe kai ma ka bi yara.

Kawu Makanike: Alhaji, ban bi kowa ba. Cikin garejina akwai Katrel biyu da kaji ke ƙwai a ciki, ba don injinsu ya mutu ba, don an rasa abin da bai kai tafin hannu ba.

Mai Na'urar Gwaji, Garwa: Iyayena ku ba ni dama in kare sana'ata. Wannan tsoron fitilar dashbod ya yi yawa. Duk motar fetur da aka sayar a Turai daga 2001 tana da wata 'yar kafa a ƙarƙashin sitiyari. Ka soka ɗan ƙaramin abin gwaji, ka haɗa da wayarka, motar da kanta za ta gaya maka inda ke mata ciwo. Abin da Kawu yake ji da kunne, ni a waya nake karanta shi. Kuma yawancin abin da ke kawo Yaris wurina ba wani babban abu ba ne. Ƙurar hunturu ta toshe matatar iska ta ɓata na'urar da ke auna iskar da ke shiga inji, a fesa mata abin wankewa ta dawo daidai. Ko kwil ɗaya ya ƙone, a canza. Injin ma sarƙa gare shi ba bel ba, in kana juye baƙin mai a kan lokaci ka manta da shi.

Inda nake ba Katrel gaskiya wuri ɗaya ne: man kwalba. Kafireta tana haɗiye ƙazantar da nozul ba zai haɗiya ba. Zuwa-zuwa da aka zuba daga jarka mai datti, ko aka sirka da kananzir, ita ke kashe famfon man Yaris. Ga kuma halinmu na sayen lita biyu-biyu. Famfon a cikin tanki yake, man ne ke sanyaya shi, kullum kana tafe a kan jan layi to kana gasa shi ne.

Hajiya Mai Atamfa: Wannan yaron da ni yake. To na ji.

Malamar Asibiti, Garwa: Na ga kowa yana maganar gyara da mai, ba wanda ya taɓo abin da ya sa na kasa yin shiru. Ƙanena, ka ce yara za ka riƙa ɗauka. Ni a ɓangaren da ake kawo waɗanda suka yi hatsari nake aiki, kuma hanyar nan ta Garwa zuwa Marwa manyan motocin da ke kai kaya Njamena ne ke bin ta dare da rana. Katrel an tsara ta ne tun gina mota da tunanin karo bai zama ruwan dare ba. Ba jakar iska, ba birkin ABS mai hana taya kullewa, ƙofarta siririya ce, a kujerar baya sau da yawa ko bel babu. In abu ya faru lanƙwashewa take yi kamar gwangwanin madara, kuma mutanen ciki ne ke karɓar bugun. Yaris ɗin da Injiniya ya ambata an yi gabanta ne don ya murƙushe ya shanye ƙarfin karon, ɗakin da mutane ke zaune ya tsaya. A gwajin karo na Turai na 2005 tauraro biyar ta samu. Ina ganin bambancin waɗanda ake ciro wa daga tsohuwar mota da sabuwa da idona, ba labari ba ne.

Tsohon Direba: 'Yata, ajali ba ruwansa da samfurin mota. Kuma gudu ne ke kisa. Katrel da ƙyar take kai 120, mai ita ba ya rawar kai a hanya. Ku duba waɗanda ke mutuwa yau, ba a cikin masu jakar iskar ba ne? Yaro ya ga allura tana hawa, ba ya jin komai don gilashi a rufe, sai ya tsinci kansa a ƙarƙashin tirela.

Malamar Asibiti: Baba, ajali gaskiya ne, amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Maganar gudu na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Sai dai ko kana tafiya 60, wanda ya taho ya same ka ba shawara ya yi da kai ba. Kuma rashin ƙarfi ma hatsari ne: ka fito za ka wuce tirela da doki 34, ga wata ta ɓullo, ka taka ba abin da ya ƙaru.

Tsohon Direba: Wannan ta ƙarshen kam na sha ganinta. Allah ya kiyaye.

Dillali, Duwala: Auta, ka biyo ni ta akwati. Akwai Yaris uku da suka sauka makon nan, fes, tsohuwa ce Baturiya take ja, ba ta wuce zuwa kasuwa da ita.

Ɗan Kusseri: Ikon Allah. Duk motar da ta sauka a Duwala tsohuwa ce Baturiya take ja. Su samarin Turai da ƙafa suke yawo?

Shugaban Zaure: Dillali, ka san dokar zaure, ba talla. In kana da ilimi ka zuba a nan kowa ya amfana.

Dillali: Tuba nake shugaba. To ga ilimin. Kuɗin da aka gaya maka a tashar jirgin ruwa ba shi ne kuɗin mota ba. Akwai duwan, wato kuɗin kwastan, kuma motar da ta haura shekara 10 ana ɗora mata ƙarin haraji, wanda duk Yaris ɗin da ake magana a kai ta faɗa ciki. Akwai kawo ta arewa, ko a tuƙo ta ko a ɗoro ta a jirgin ƙasa zuwa Ngaundere. Akwai kat giriz, wato takardar rajistar mota, inshora, da bizit teknik, wato gwajin lafiyar mota. Sannan ka ware na taya huɗu da batir da juyen mai, don tayoyin da take zuwa da su sau da yawa na lokacin sanyin Turai ne, kwaltar Garwa za ta cinye su nan da nan. In ka zuba duk abin da ka tara a sayen motar kaɗai, za ta iso ƙofar gidanka ba ka da na zuba mata mai. Ka nemi mai giyar hannu, mai fetur. Kada lambar kilomita ta ruɗe ka, ana mayar da ita baya. Ka duba robar feda da sitiyari da kujerar direba, su ba sa ƙarya. Kuma ka sa a ɗaga ta ka leƙa ƙasa, don gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe.

Autan Baba: Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Maganar Anti Malama ta tsaya mini a rai. Kawu, in na ce zan tada Katrel ɗin a hankali, ba don yara ba, don ni kaɗai cikin gari, daga ina zan fara?

Kawu Makanike: Kada ka fara da inji, kowa da inji yake farawa ya yi asara. Ka shiga ƙarƙashinta da tocila da sukudireba. Ka je baya, daidai inda hannuwan tayoyin baya suke kama shasi, ka caka. In ƙarfe ya amsa maka da ƙara, alhamdu lillahi. In sukudireba ta shige, to ka tsaya nan, don wurin ne ke ɗauke da motar kuma walda ta gefen titi ba ta riƙe shi. Sa'arka ɗaya, motar da ta zauna a busasshiyar ƙasa irin tamu ba ta cika ruɓewa ba, sai in tamfol ɗin ya riƙa tara mata ruwa da damina.

In shasi lafiya, ka cire fulogi huɗun, ka ɗiga baƙin mai a kowane rami, ka bar shi ya kwana biyu, sannan ka sa giya ta huɗu a tura a hankali a ga ko injin zai juya. Kada ka sa batir ka murɗa makulli da tsohon man da ke tanki, ya riga ya zama danƙo. A sauke tanki a wanke. Duk wata roba a jikinta ka ɗauka ta mutu: tiyon ruwa, tiyon birki, bel, tayoyi ko da zanensu bai goge ba. Birki kuwa a yi shi gaba ɗaya kafin ta taka titi. Kuma ka riƙe waɗannan ƙafafun nata da kyau, goro uku gare su, ba za ka samu irinsu a kasuwa ba.

Injiniya: Kayan gyaranta fa ba su ƙare a duniya ba. A Faransa har yau ana yin sababbi, saboda masu sha'awarta da kuma ɗaliban da ke tseren 4L Trophy zuwa Maroko duk shekara. A Maroko ɗin ma an daɗe ana haɗa ta, tana nan da yawa. Matsalar ita ce jira da kuɗin aikowa. In kana da ɗan'uwa mai zuwa, kwantak da kayan kafireta da robobin birki duk a aljihun jaka za su zo. Renault ma ta dawo da sunan, ta fitar da sabuwar Renault 4 mai lantarki a 2025.

Ɗan Kusseri: Mai lantarki? Sai ka fara roƙon Allah ya cika madatsar Lagdo tukuna.

Hajiya Mai Atamfa: Kawu, tun da ka buɗe baki bari in ci arziki. Wani ya ce in cire wannan abin da ke tsare ruwa a injin Yaris ɗina, wai na ƙasar sanyi ne, a haɗa fanka ta riƙa juyawa kai tsaye. In yi?

Kawu Makanike: Hajiya, kada ki bari. Wannan dabarar zamanin kafireta ce, ko a lokacin ma ba daidai ba ce. Injin Yaris yana da zafin da yake son aiki a kai. In kika cire, da safe da lokacin hunturu zai daɗe bai kai zafin ba, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu a sanyaye yake, ta yi ta ƙara masa mai. Ki sha mai a banza, fulogi su yi baƙi. In tana zafi, lagireto ne ya toshe ko murfinsa ya saki ko fankar ce ba ta tashi a kan lokaci. Kuma ki daina zuba mata ruwan rijiya, ki sayi ruwan lagireto na gaskiya.

Mai Na'urar Gwaji: Kawu ya gama magana. In ƙara da ɗaya: ki sa a duba ko tukunyar tace hayaƙi tana nan a salansarki. Ana yawan fasa ta a kwashe abin ciki tun kafin mota ta bar tasha, saboda ƙarfe mai tsada da ke ciki. In an kwashe, fitilar inji ba za ta daina kamawa ba, kuma wasu sai su cire ƙwan fitilar su ce sun gyara.

Hajiya Mai Atamfa: To ni tawa fitilar ban taɓa ganin ta kama ba, ko da na murɗa makulli kafin inji ya tashi.

Mai Na'urar Gwaji: Hajiya, ai a nan ne ya kamata ta kama, ta mutu bayan inji ya tashi. Akwai magana ke nan.

Kawu Makanike: Kawo ta ranar Asabar bayan azahar, ki zo da takardun da aka ba ki lokacin saye. Yaro, kai kuma turo mini sunan wannan abin gwajin naka da kuɗinsa, in ga ko tsoho zai iya koya.